Ƙafar Keken Tsere: Raddi Ga Masu Cewa 'Yar Kamfani Ta Fi Saƙar Hannu

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu hawan keken tsere, musamman waɗanda suka shigo harkar a 'yan shekarun nan. Da zarar mutum ya tara kuɗinsa ya ce zai canja ƙafafun kekensa, shawarar da zai fara ji ita ce: "Sayi 'yan kamfani ka huta. Inji ne ya ɗaure su, inji kuwa ba ya kuskure. Kada ka yarda wani ya zauna ya saƙa maka ƙafa da hannu, wannan aikin mutanen da ne." Daga nan sai a kafa hujja da zakarun Tour de France, a ce dubi ƙafafunsu: rim mai zurfi, sifok 'yan kaɗan, ga sunan kamfani ɓaro-ɓaro a jiki. Masu wannan magana mutane ne masu son keke da zuciya ɗaya, wasunsu sun daɗe a kan sirdi, kuma akwai gaskiya a cikin abin da suke faɗa, zan zo kanta. Sai dai a ganina sun ɗauki gaskiyar da ta dace da mutum ɗaya sun ɗora wa kowa, har ta kai ana raina sana'ar da ita ce ma ke riƙe da ƙafafun da ake yabon.

Kafin a shiga gardamar wace ta fi, ya kamata a san abin da ke riƙe ƙafar keke tun asali. Sifok siririn ƙarfe ne, kaurinsa bai wuce milimita 2 ba. In ka tsayar da shi ka danna, lanƙwashewa zai yi. In kuwa ka ja shi, sai ya ɗauki nauyin ƙarti biyu bai tsinke ba. A kan wannan aka gina ƙafar keke. Eugène Meyer ya yi wa dabarar rajista a Paris a 1869, James Starley kuma ya inganta ta a Coventry ta Ingila a 1874, da ya fito da saƙar da sifok ke barin cibiya a karkace yana gitta 'yan'uwansa, domin ƙarfin feda ya isa rim ba tare da ƙafar ta murɗe ba. Yau kimanin shekara 150 ke nan, kayan aiki sun canja, tsarin yana nan yadda yake. A keken tsere, sifok ɗin ƙafar gaba da na ɓangaren giya a ƙafar baya ana jan kowanne har ɗaurinsa ya kai kimanin kilo 100 zuwa 120. Wannan ja da ake yi wa rim ta kowace fuska shi ne ƙarfin ƙafa.

Idan mutum ya hau, 'yan sifok ɗin da suka zo ƙasa daidai inda taya ke taɓa titi sukan ɗan saki, da sun wuce wurin su sake kamawa. Kewayen tayar keken tsere kusan mita 2.1 ne, wato ƙafa tana juyawa kamar sau 475 a kowane kilomita. Mai yin kilomita 5,000 a shekara, kowane sifok nasa ya saki ya kama fiye da sau miliyan 2. Injiniyan nan Ba'amurke, Jobst Brandt, wanda ya fitar da littafinsa The Bicycle Wheel a 1981, ya yi bayanin cewa ba yawan nauyi ne ke tsinka sifok a rana ɗaya ba, gajiyar ƙarfe ce, kuma galibi a gwiwarsa take kama shi, wurin da ya lanƙwasa ya shiga cibiya. Wanda ɗaurinsa ya yi sako-sako shi ke fara gajiya, domin yana sakin jiki gaba ɗaya a kowane juyi, notinsa kuma yana kwancewa a hankali. Maganin da Brandt ya nuna shi ne ɗauri ya kai yadda ake so, ya zama daidai wa daida a duk sifok ɗin ɓangare guda, sannan mai saƙa ya kama su bibbiyu ya matse da ƙarfi, ƙarfen ya zauna tun kafin ƙafar ta taɓa titi. Ƙafar da aka yi wa haka tana iya shekaru ba ta nemi sifana ba. Wadda ba a yi wa ba, ko sunan wa ke jikinta, tun a makonnin farko za ka ji tana ƙas-ƙas, ba da jimawa ba ta fara goga birki.

To, ina inji a cikin wannan? Inji yana nan, kuma yana aiki. Kamfanoni irin su Holland Mechanics na ƙasar Holan suna ƙera injunan da ke saƙa ƙafa su daidaita ta cikin 'yan mintoci, da su ake wadata duniya da kekuna masu sauƙin kuɗi. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ƙafa tana iya miƙewa sak a ido alhali ɗaurinta a hargitse yake: wannan sifok ya ɗaure tamau, na kusa da shi yana lilo, su biyun sun haɗu sun riƙe rim a tsakiya na ɗan lokaci. Injin zamani mai kyau yana iya auna ɗauri, yana iya matse sifok, amma kowane minti da ƙafa ta ƙara a cikinsa kuɗi ne, kuma masana'antar da ke fitar da dubbai a rana ita ke yanke minti nawa za a ba kowace ƙafa. Saboda haka in an ce inji ba ya kuskure, sai mu ce inji yana yin iyakar abin da aka umarce shi ne, a iyakar lokacin da aka ba shi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan rusa maganar. Ƙafafun kamfani masu tsada, waɗanda ake nuna mana a ƙarƙashin zakaru, mutane ne ke ɗaure su. Campagnolo na Italiya yana alfahari da cewa da hannu ake haɗa ƙafafunsa. Haka Shimano ke faɗa game da manyan ƙafafunsa na tsere, haka ENVE da ke garin Ogden a jihar Utah ta Amurka. Ma'aikaci ne ke zama da sifana da ma'auni yana bin sifok ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya biya kuɗi mai yawa don ya guje wa hannun ɗan Adam, hannun ɗan Adam ɗin ya saya, an dai sa masa shi a kwali. Kamfanonin da kansu sun san inda inganci yake, shi ya sa suke barin inji ga masu araha su ajiye ƙwararru ga masu tsada.

Bambancin gaskiya yana wani wuri dabam. 'Yar kamfani an zana ta ne a dunƙule, rim da cibiya da sifok duk na gida ɗaya, an yi su don junansu, an kuma auna su da wani mahayi matsakaici da ke cikin lissafin injiniyoyi. Saƙar hannu kuwa, kai da mai saƙa ne za ku zauna ku zaɓi rim, ku zaɓi cibiya, ku yanke yawan sifok da kaurinsu gwargwadon nauyinka da hanyar da kake bi. Wannan salo na sayar da ƙafa a dunƙule ma bai daɗe ba. Campagnolo ya fito da Shamal a farkon shekarun 1990, Mavic na Faransa ya biyo da Cosmic da Helium, sannan Ksyrium a 1999, wadda ta cika kasuwa. Kafin nan, masu saƙa ne ke ɗaure wa galibin 'yan tsere ƙafa, tun daga ɗan koyo har zuwa Eddy Merckx, wanda ya ci Tour de France sau 5 tsakanin 1969 da 1974.

Mu dawo kan yawan sifok, domin a nan ne ido ya fi ruɗar mai saye. Ƙafa mai sifok 16 ko 20 tana da kyan gani, ba musu. Amma a ƙafa mai 32, tazarar da ke tsakanin sifok da sifok a jikin rim kusan santimita 6 ce. A mai 16 ta kai 12. Dole rim ya ƙara kauri da nauyi kafin ya iya tsallake wannan tazara, don haka wani ɓangare na nauyin da aka rage a sifok ya koma rim. Ranar da ɗaya ya tsinke kuma, nan ake gane bambanci. A mai 32, ƙafar za ta ɗan karkace, ka sassauta birki ka tuƙa abinka har gida. A mai 16, tazarar da ba mai riƙe ta ta zama kusan santimita 24, rim ya kauce har taya ta riƙa gogar firam, sai dai ka sauka ka nemi mota.

Bayan ka isa gida sai wata matsalar ta taso: ina za ka sami irinsa? Sifok na gama-gari, mai lanƙwasa a kai, wanda DT Swiss na Suwizalan da Sapim na Beljiyam da wasunsu ke yi, yana shiga kusan kowace cibiya, abin da ake nema kawai tsawonsa ya dace. Ƙafafun kamfani da yawa kuwa nasu na kansu ne. Manyan samfuran Ksyrium na shekarun baya, alal misali, sifok ɗinsu na alminiyam ne mai faɗi, notinsa a jikin rim yake ɗaurewa kai tsaye, kuma sai da sifanarsa ta musamman. Wannan dabara ce ta injiniya mai kyau, ba na kushe ta. Mazaunin Liyon ko Milan zai taka zuwa shagon dillali ya karɓo. Mahayin da ke Kano ko Damagaram ko Kumasi, wanda wataƙila ma a gwanjo ya sayi kekensa, kuma samfurin ƙafar an daina yin sa shekaru da suka wuce, sai ya jingine keke ya jira wani mai dawowa daga waje. Abin takaici ne a ga ƙafa lafiyayya, cibiyarta garau, rim ɗinta garau, an rataye ta a bango saboda ƙarfe ɗaya da bai kai nauyin giram 10 ba.

Su zakarun da ake kafa hujja da su ba su san wannan damuwa ba. Bayan kowace tawaga akwai mota ɗauke da ƙafafu da kekuna, da makanike a zaune a kujerar baya yana jiran a ɗaga hannu. Ko motar tawaga ta yi nisa, akwai ta taimakon kowa da kowa: Mavic ya fara wannan hidima da motocinsa masu ruwan ɗorawa a 1973, ya riƙe ta a Tour de France har Shimano ya karɓa a 2021. Ɗan tsere ba ya sayen ƙafarsa, kamfanin da ke ɗaukar nauyin tawagarsa ke ba shi, kuma ba a tambayarsa ko ita yake so. Ana bukatar ta yi gudu yau, da daddare makanike ya duba ta, in ta gaza a sauya. Kai da kake son ƙafa ta kai ka shekara biyar ba motar da ke bin bayanka, bukatarka da tasa ba ɗaya ba ce.

Tseren Paris-Roubaix ya isa a tsaya a kansa, domin kowane ɓangare na wannan gardama yana da rabo a cikinsa. Tun 1896 ake yin sa a arewacin Faransa, tafiyar kusan kilomita 260 a yini guda, fiye da 50 daga ciki a kan tsofaffin hanyoyin gona da aka shimfiɗa da duwatsu, masu girgiza keke har haƙoran mutum su riƙa haɗuwa. Shekara da shekaru, har bayan da ƙafafun kabon suka mamaye sauran gasanni, in ranar Roubaix ta zo sai manyan tawagogi su ajiye su, su ɗauko ƙafafun saƙar hannu masu sifok 32 a kan rim na alminiyam marar zurfi, wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Nemesis na kamfanin Ambrosio. Mutanen da ke da damar hawa kowace irin ƙafa a duniya, da hanya ta yi muni, ga abin da suka amince da shi. Sai a 2010 Fabian Cancellara ɗan Suwizalan ya ci tseren a kan ƙafafun kabon na Zipp 303, daga nan kuma al'ada ta juya, yau kusan kowa kabon yake hawa a can. Masu goyon bayan kamfani suna da haƙƙin su ce ga shi nan, mun yi nasara. Na yarda. Amma a duba yadda nasarar ta zo: sai da aka sake zana rim ɗin, aka faɗaɗa shi, aka yi ta gwada shi a kan duwatsun nan, tayoyi kuma suka ƙara faɗi aka rage musu iska. Ƙafa ce ta kuɗi masu yawa da aka yi wa aikin shekaru don wannan hanya. Ba ita ce ke zuwa a jikin keken matsakaicin farashi ba, kuma sunan da ke jikin waccan ba ya ba wannan ƙarfinta.

Batun nauyi ba ya bukatar dogon zance. A ce sabuwar ƙafa ta rage maka giram 300. Kai da keke da gorar ruwa kun kai kilo 80. Abin da ka rage bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba. Za ka ɗan ji shi wajen tashi daga tsaye, a hawan dutse mai tsawo zai ba ka 'yan daƙiƙoƙi, a miƙaƙƙen titi kuwa kusan babu.

Inda 'yar kamfani ke da gaskiyarta shi ne wajen iska. Da gudu ya kai kilomita 35 ko 40 a awa, mafi yawan ƙarfin mahayi wajen keta iska yake tafiya, kuma rim mai zurfi da aka gwada a ɗakin gwajin iska yana rage wannan asara. Mai shiga gasa, wanda daƙiƙa 10 ke raba shi da kambu, yana da dalilin sayenta, ba zan hana shi ba, ko da yake shi ma yana iya sayen rim ɗin kabon zalla ya kai a saƙa masa. Haka nan wajen farashi: a ƙananan ƙafafu, kamfanin da ke sayen kaya dubu-dubu zai sayar maka da ƙafa sukutum a kuɗin da bai isa ka sayi rim da cibiya da sifok ɗai-ɗai ba, balle ladan mai saƙa. Ga kuma garanti, ga wanda ke zaune inda garantin ke aiki.

Amma mahayi mai jiki fa? Kamfanoni da yawa suna rubuta iyakar nauyin da ƙafarsu za ta ɗauka, galibi tsakanin kilo 100 da 120, kuma sau da yawa har da keken da kayan da ke kansa ake nufi. Mutum mai kilo 95 da ke bin titi mai ramuka ya riga ya kusa bakin iyaka. Mai saƙa zai dube shi ya ce a sa 32 a baya, ko 36, a gitta su sau uku, a yi amfani da sifok mai siririn ciki, milimita 2 a bakinsa biyu da 1.8 a tsakiya. Mutane sukan ɗauka mai kauri ɗaya daga sama har ƙasa ya fi ƙarfi, alhali siririn cikin nan ne ke ba sifok damar miƙewa kaɗan ya ɗauke wa gwiwa wahala, shi ya sa ya fi daɗewa. Zai kuma sa noti na tagulla maimakon na alminiyam, domin ruwa da gumi ba sa cin sa har ya kafe. Mace marar nauyi kuwa, ko saurayi siriri, a rage musu. Kwali ba ya tambayar nauyin kowa.

Sai maganar tsufa. A keken da birkinsa ke kama rim, duk taka birki yana cin gefen alminiyam ɗin, ƙurar hunturu da yashin damina kuma suna ƙara masa sauri. Wata rana gefen zai sirance har ya zama haɗari. A saƙar hannu, rim kawai za a sauya, cibiya ta ci gaba da aiki, wani lokaci ma har da sifok ɗin in sabon rim ya yi daidai da tsohon. Cibiyoyin Shimano na gargajiya boris ɗinsu a warwatse yake, ƙwaya-ƙwaya, kuma duk mai gyaran keke ya san yadda ake buɗewa a wanke a sa giris a mayar. A 'yar kamfani, kuɗin rim na asali da wahalar samunsa sukan sa mutum ya haƙura ya sayi sabuwa gaba ɗaya.

Kada kuma a fahimce ni a kan cewa duk abin da hannu ya taɓa ya zama nagari. Ƙafar da marar sani ya saƙa ta fi ta inji muni nesa ba kusa ba. Masu gyaran kekenmu sun gaji saƙar ƙafa tun zamanin Raleigh da Phoenix, kekunan da ke ɗaukar buhu da mutum a baya, kuma tsofaffin kekunan Ingila ma sifok 40 ake sa musu a baya, 32 a gaba, domin an san inda nauyi yake. Wannan ilimi ne na gaske, ina girmama masu shi. Sai dai ƙafar keken tsere tana da nata sharuɗɗa. Rim ɗinta milimita 622 ne, na su Raleigh kuwa 635, sifok ɗin wannan ba ya yi wa wancan, kuma kuskuren milimita 2 a tsawo ya isa ya ɓata aiki. Ƙafar baya kuma ba a tsakiyar cibiya sifok ɗinta ke tashi ba, saboda tarin haƙoran giya da ke gefen dama. Na dama suna ɗaure tamau, na hagu kuwa kamar rabin haka ko sama kaɗan, kuma su ne ke fara kwancewa in aikin bai yi ba. Wanda ya saba daidaita rim ɗin ƙarfe da ido kawai yana iya miƙar da ita sak ya bar ɗaurin a hargitse, irin laifin da muka ɗora wa inji ɗazu.

Ana gane gwani da aikinsa. Zai tambaye ka nauyinka da hanyarka kafin ya taɓa komai. Zai auna rim da cibiya ya lissafa tsawon sifok. Zai ɗiga mai a zaren noti, ya riƙa ƙara ɗauri kaɗan-kaɗan yana zagayawa, ya matse sifok ya sake dubawa. In yana da ma'aunin ɗauri, irin TM-1 na Park Tool, madalla. In babu, kunne ma yana taimako: a kaɗa sifok ɗin ɓangare guda ɗaya bayan ɗaya kamar tsirkiyar gurmi, in muryarsu ta zo kusan ɗaya ɗaurinsu ya yi kusa, wanda ya yi ƙasa sosai shi ne mai lilo. Kai ma mai keke kana iya yin wannan gwaji a kan kowace ƙafa, ta kamfani ko ta saƙa, kafin ka biya.

Wanda kuɗinsa bai kai ga zaɓen kaya ɗai-ɗai ba, akwai hanya a tsakani: ya sayi 'yar kamfani mai sifok na gama-gari, 28 ko 32, ya kai wa gwani tun tana sabuwa a daidaita ɗaurinta a matse ta, ya kuma ajiye sifok uku ko huɗu na kowane tsawo a gida. Mai shiga gasa ya sayi mai zurfinsa don ranar gasa. Sauran mu masu hawa don lafiya da nishaɗi da doguwar tafiya, a kan titunan da muka sani, ƙafa mai sifok 32 da gwani ya saƙa ita ce ta fi dacewa da mu. Ɗan'uwa, ranar da ka je saye, kafin ka duba sunan da ke jikin rim, tambayi mai shagon: in sifok ɗaya ya tsinke, a wane shago a garin nan zan sami irinsa? In ya rasa amsa, riƙe kuɗinka.